Dardumar da ɓarayi suka raina

Lokacin da nake karatu a Rasha, wata Asabar da sanyi ya hana mu yawo, abokin ɗakina ya ja ni gidan adana kayan tarihi na Hermitage a birnin Saint Petersburg. Shi zane-zanen Turawa ya je gani. Ni kuwa na ɓace a wani ɗaki na ƙasa, na tsinci kaina gaban wata darduma ja, tsawonta kusan mita 2, an saƙa mata jerin mahaya dawakai da barewa a gefe. Da a kasuwa na gan ta, sai in taya. Ashe ta haura shekara 2,000, kuma ita ce mafi tsufa a dardumomin ƙulli da suka rage a duniya.

Daga kwarin Pazyryk aka haƙo ta, can cikin duwatsun Altai a kudancin Saberiya. Manyan tuddan kaburbura 5 ne a wurin, kowanne an tsiba masa duwatsu. An buɗe na farko a 1929, sannan masanin kayan tarihi Sergei Rudenko ya koma ya haƙa sauran daga 1947 zuwa 1949. A na biyar dardumar take.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kayan suka tsira. Tun zamanin da, ɓarayi sun riga kowa shiga, suka fasa ɗakunan katakon da ke ƙarƙashin ƙasa, suka kwashe kayan ƙarfe masu daraja. Ruwa ya bi ta ramin da suka bari, ya cika ɗakin, ya daskare. Tsibin duwatsun da ke sama kuma ya hana zafin rana kaiwa ciki, sai ƙanƙarar ta ƙi narkewa. Duk abin da ɓarawo ya raina ya bari, ƙanƙara ta riƙe: sirdi, linzami, siliki daga Sin, keken doki mai ƙafa huɗu, har da cuku. Da masu binciken suka zo, ruwan zafi suka riƙa kwararawa suna narkar da ita kaɗan-kaɗan.

Dawakan ma suna nan da fatarsu da gashinsu. A kabari na farko guda 10 aka samu, an kashe su an binne da adonsu, ɗaya da hular fuska mai ƙahonin barewa. Na tuna kwalliyar dawakan hawan sallah, na ce ashe son doki tsohon ciwo ne. An kuma samu kasko da ƙonannun 'ya'yan wiwi, daidai da abin da Herodotus, tsohon marubucin tarihi na Girka, ya rubuta cewa mutanen Sikitiya, makiyaya mahaya dawakai na wancan zamani, na shaƙar hayaƙinsa.

Inda na kasa daɗewa shi ne gaban wata gawa da aka haƙo daga kaburburan. An cire kayan cikinta, an ɗinke, ga ta a gilashi, yara na leƙe. Ni dai jikina bai ba ni ba. Mamaci da rufin asiri muka san shi. Mutanen Altai ma sun yi wannan ƙorafin kan gawar wata mata mai jarfa a kafaɗa da masaniyar kayan tarihi Natalia Polosmak ta haƙo a tudun Ukok a 1993. Sai 2012 aka mayar da ita Gorno-Altaisk, babban birnin Jamhuriyar Altai, amma gidan tarihi aka kai ta, ba kabarinta ba.

Abokina ya same ni na koma gaban dardumar, ina ƙirga mahayan.