Daga Daura Zuwa Madina: Ranar Da Na Fara Hawa Jirgin Sama

Ina karatu a Kano lokacin da jirgin sama ya rikito a unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma na ga hayaƙin da idona. Tun daga ranar na ƙudurce a raina cewa ƙafata ba za ta taka jirgi ba. Shekara goma sha bakwai ina kan bakana, ko Legas aiki ya kai ni sai in gwammace in kwana a mota, alhali na sani sarai hanyar mota ta fi cin rai nesa ba kusa ba.

Abin da ya karya ni shi ne kujerar Makka da muka biya wa Inna a 2019, domin ni ne babban ɗanta, kuma babu bakin da zan buɗe in ce wani ya raka ta. Muka baro Daura bayan sallar Asuba, muka yi tafiyar kilomita kusan 80 zuwa Katsina, muka sauka a sansanin alhazai. Da aka kira mu zuwa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, sai na ga Inna, wadda ko Abuja ba ta taɓa zuwa ba, tana hawa matakala tana gyara mayafi kamar za ta shiga gidan suna, ni kuwa gwiwoyina sun yi sanyi, tafin hannuna sharkaf da gumi.

Allah Ya haɗa ni kujera da wani dattijo ɗan Katsina wanda wannan ce tafiyarsa ta huɗu. Ya dubi yadda na ƙanƙame hannun kujera tun jirgi bai motsa ba, ya ce, "Malam, yau ne farau ke nan?" Na ce, "Yau ne, Baba Alhaji." Bai yi mini wa'azi ba, kuma na gode masa da hakan, domin masu ce mini "ai kwana ne idan ya ƙare" sun riga sun ishe ni. Ya sa muka karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda ke cikin Suratuz Zukhruf, sannan ya ce duk ƙarar da za a yi zai gaya mini kafin in ji ta.

Haka kuwa aka yi. Jirgi ya ɗauki gudu har bayana ya manne da kujera, ya ɗaga hanci, Baba Alhaji ya ce, "Yanzu za ka ji gum a ƙarƙashinmu, tayoyi ne ake naɗewa." Sai ga gum ɗin. Can ya ce ƙugin injin zai ragu, kada in zaci mutuwa ya yi, matuƙi ne ya sassauta masa tunda an rabu da ƙasa. Da kunnuwana suka toshe ya miƙo mini dabino, ya ce in riƙa taunawa ina haɗiye yawu, sauyin matsin iska ne kawai. A nan na gane cewa rabin tsorona rashin sanin ma'anar abin da nake ji ne.

Damina ce, saboda haka ba mu daɗe da tashi ba muka shiga hadari. Jirgi ya fara gargada, shayin da ke gabana ya fantsama, aka kunna alamar ɗaura ɗamara, wasu mata a baya suka ɗauki salati. Na leƙa taga na ga fiffike yana lanƙwasawa sama da ƙasa, cikina ya ɗuri ruwa. Dattijon ya ce da gangan aka ƙera shi haka, domin abin da ba ya lanƙwasa shi ke karyewa, ya kuma ce in dubi fuskar ma'aikaciyar jirgi. Tana zaune da ɗamararta, tana hira da abokiyar aikinta har da dariya. Inna kuwa barcinta take yi, carbi a hannu.

Da muka daidaita a sama da ƙafa 30,000, sai allon gabana ya nuna muna ratsa Chadi muna dosar Sudan. Na tuna da labarin da ake ba mu na ƙanin kakanmu, wanda ya bi wannan hanya a ƙasa, yana tsayawa yana noma don neman guzuri, ya shekara bakwai kafin ya dawo Daura, abokan tafiyarsa da dama kuma suka zauna a Sudan ba su dawo ba. Mu kuwa cikin 'yan awoyi muka tsallake Bahar Maliya ana raba mana shinkafa da kaza.

Ba zan ce tsoron ya tafi gaba ɗaya ba, domin da aka fara gangarawa Madina na sake damƙe hannun kujera. Amma da na ji gum a ƙarƙashinmu, ni na riga Baba Alhaji cewa tayoyi ne suka fito. Ya yi dariya ya ce, "Malam ya haddace karatunsa." A dawowa kuwa sai da na roƙi Inna ta bar mini kujerar taga, ta ce ba ta san zancen ba.