Alhamis, 29 ga Mayu 2025: gidaje 753 da kwanon shinkafa

Da lissafi na farka yau, tun kafin kiran assalatu. Babbar Sallah saura kwana takwas, albashi bai shigo ba, kuma tun daren jiya maiɗakina ta nuna mini gindin buhun shinkafa. Ba ta ce komai ba, ta dai ɗaga buhun da hannu ɗaya ta ajiye. Da na dawo daga masallaci na kunna rediyo ina shan koko, sai na ji ana maganar cikar gwamnatin Tinubu shekara biyu. Dama ban manta ranar ba. A rana irin ta yau a 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, kuma kafin mako ya zagayo litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Bara ta wuce dubu. Yanzu ta ɗan sauko, tana wajen 900, amma mai adaidaita sahun da ya ɗauke ni daga Rijiyar Lemo ya karɓi 300 a tafiyar da a da nake biyan 100, ban kuma yi masa ciniki ba, don na ga yadda yake leƙa tankinsa a kowace tsayawa.

A aji, wajen ƙarfe goma, wata yarinya 'yar aji huɗu ta kifa kai a kan benci. Na ɗauka zazzaɓi ne. Da na taɓa goshinta babu zafi, sai ƙawarta ta raɗa mini cewa ba su karya ba a gidansu. Na aiki wani yaro ya sayo awara ta naira 200 a bakin ƙofa. Ta ci guda biyu, ta naɗe sauran a takardar da ta yage daga littafinta, ta sa a aljihun hijabi. Na tambaye ta, ta ce na ƙanenta ne. Har na tashi daga makaranta wannan ƙullin takarda bai fita daga raina ba.

Lokacin tara kuma gardama ce ta ɓarke a ɗakin malamai. Wani abokin aikina ya nuna mana hoton rukunin gidajen nan 753 na Lokogoma a Abuja, waɗanda kotu ta mallaka wa gwamnatin tarayya a Disambar 2024, hukumar EFCC kuma ta miƙa su ga ma'aikatar gidaje a cikin watan nan. Gidaje ne da aka alaƙanta da tsohon gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, wanda aka dakatar a watan Yunin 2023, yake kuma fuskantar shari'u a Abuja da Legas. Shi abokin nawa murna yake yi, yana cewa an fara ganin haske. Wata malama da ta girme mu duka ta ajiye alli ta ce masa, "Malam, gida nawa ne a ciki za a dafa a ci?" Kowa ya yi shiru. Ni ma ban tanka ba, don a lokacin ina jin duk su biyun suna da gaskiya, ban kuma san yadda zan haɗa maganarsu ba.

Bayan la'asar na biya wajen mai awon unguwarmu. Gaskiya shinkafa ta sauko idan aka kwatanta da ƙarshen bara, lokacin da buhu ya kai naira dubu ɗari a wasu wurare, lokacin da mutane suka koma cin afafata, wadda a da kifi da kaji ake zuba wa. Amma sauƙin bai kai aljihu ba, domin abin da aka rage a hatsi an ƙara shi a magani da kuɗin wuta da haya. Na auni kwano biyu na shinkafa, ɗaya na wake, ya rubuta rabin kuɗin a littafin bashi. Da ya buɗe littafin na hango sunayen maƙwabta jere, har da mutanen da ban taɓa zaton suna karɓar bashi ba. Na kau da kai. Ya ce da ni, "Malam, ni ma a Dawanau bashi nake ɗaukowa."

Da magariba na tafi gaida Kawu, don mu yi maganar layya. Rago dai bana ya fi ƙarfinmu, balle da aka ce Nijar ta hana fitar da dabbobi gabanin Sallah. Na same shi a kan buzunsa a zaure, rediyo a gefe. Ban san yadda aka yi ba na kawo masa zancen gidajen nan, sai ya gyara zama.

Ya ce, "Ɗana, wannan rawar mun sha kallonta. A 2015 an zo mana da cewa za a kama ɓarayi. Aka tsare Sambo Dasuki shekara huɗu a kan kuɗin makamai dala biliyan 2.1, a 2016 kuma tattalin arziki ya durƙushe, buhu ya tashi. Me ka samu? Abacha ya rasu tun 1998, har yau ana dawo da kuɗi da sunansa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A cika wa mutane ciki tukuna, sannan a zo a yi shari'a."

Na ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, haka ne. Amma a yi mini izini in faɗi abin da na gani."

A nan ne bakina ya buɗe, abin da ya ƙi fitowa a ɗakin malamai ya fito. Tsadar nan ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali, kuma wani ɓangare na asalinta yana cikin takardun da ake shari'a a kansu ko ake guje wa buɗewa. Gwamnatin da ta wuce ta ci bashi daga Babban Banki har naira tiriliyan 22.7, alhali doka ta ƙayyade irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. A watan Mayun 2023, ana saura kwanaki a sauka, majalisar dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Ko ni da ba masanin tattalin arziki ba na fahimci wannan: an ƙara yawan naira a gari, ba a ƙara yawan gero a rumbu ba, dole kwano ya yi tsada. Ga canjin kuɗin farkon 2023, da duk garin nan ya kwana a layin banki, masu POS suna sayar da naira da naira, 'yan kasuwar ƙauye suna karyar da kaya don su sami tsaba a hannu, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris. Ga dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022 aka ce mun wadata. Idan ba a zauna an tambayi wa ya sa hannu, wa ya karɓa, ina aka kai ba, to wanda ke kan kujera yau ya koyi darasi guda: shi ma zai iya yi ya tafi lafiya. Ban yanke wa kowa hukunci ba, wannan aikin alƙali ne. Amma ina son alƙalin ya yi aikinsa ina raye.

Kawu ya ce, "To ai ka dawo bayan masu mulki."

Na ce a'a. Domin ɗaya ɓangaren ma yana ci mini rai, watakila ma ya fi. Shekara biyu ke nan duk wanda ya yi kukan yunwa sai a nuna masa waɗanda suka tafi. Amma cire tallafi rana ɗaya ba tare da tanadi ba, ba su suka yi ba. Sakin naira a Yunin 2023, da ya kai dala daga wajen 460 a farashin gwamnati zuwa kusan 1,600, ba su ba ne. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, aka sabunta ma'aunin lissafi a Janairu ta koma 24 da ɗoriya, mai awo kuwa bai goge ko layi ɗaya a littafinsa ba. An sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, a lokacin da kuɗin bai kai buhun shinkafa ba. Matan da ke yin gurasa a garin nan sun fito zanga-zanga a Fabrairun 2024 saboda tsadar fulawa. A watan Agusta matasa suka fito, aka rasa rayuka, aka kwashi yara zuwa Abuja, muka ga wasunsu suna faɗuwa a gaban kotu a watan Nuwamba saboda galabaita. Har yanzu idan na tuna hoton nan sai ƙirjina ya yi nauyi. An iya gurfanar da yaran talakawa cikin wata uku, shari'ar manya kuwa sai ɗagewa ake yi, yau lauya bai zo ba, gobe an nemi a sauya alƙali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya nemi kujera ya san abin da zai tarar.

A nan Kano ma haka muke gani. Tun Afrilun 2024 gwamnatin jiha ta kai tsohon gwamna Ganduje kotu, kuma da ka zauna a majalisa sai a tambaye ka ɓangarenka kafin a saurari maganarka. Mai jar hula ya ce a hukunta, na ɗaya gefen ya ce bi-ta-da-ƙulli ne, a tashi ba wanda ya ambaci kuɗin taki, ga damina ta kawo kai.

Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce in zaɓi ɗaya. Alƙali ba shi ke sayo taki ba, ministan noma kuma ba shi ke zaman kotu ba. Kowa da aikinsa, kowa da kasafinsa. Duk mai ce mini a bar shari'a sai an ƙoshi, ina zargin akwai wanda yake karewa. Duk mai ce mini in yi haƙuri da yunwa tunda ana kama ɓarayi, shi ma akwai abin da yake rufewa. Abin da zai haɗa maganar abokin aikina da ta malamar nan shi ne a ga inda abin da aka ƙwato ya shiga. Lokacin da Suwizalan ta dawo da dala miliyan 322 na Abacha, an ce za a raba wa gidajen talakawa naira 5,000 a wata, kuma har yau mutane na tambayar su wa suka karɓa. Kada gidajen Lokogoma su bi wannan hanya. A faɗa mana nawa aka sayar da kowanne, wa ya saya, a wane asusu kuɗin ya sauka, sannan a ce ga abincin makaranta ko ga maganin asibiti da aka yi da su. In haka ta faru, zan iya shiga aji in gaya wa yarinyar nan cewa shari'ar da ake yi a Abuja tata ce.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Can ya ce, "Allah ya sa ka ga haka, ɗana. Ni dai ban gani ba." Na ce amin. Ban ji haushinsa ba, ya fi ni shekarun jira.

Muka koma kan abin da ya kawo ni. Mun shirya mu bakwai za mu haɗa kuɗi mu sayi sa, shi da ni da Yaya da maƙwabta huɗu. Ya ce kada in damu da nawa kason, zai cike mini in biya shi idan albashi ya shigo. Na yi godiya, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Na iso gida bayan isha'i, na tarar an dafa garau-garau da kwanon da na aiko. Na ce wa maiɗakina ta ɗebi kaɗan a roba ta ajiye mini, da safe zan tafi da shi makaranta. Gobe Juma'a ce, kasuwar Wudil ke ci, Yaya zai wuce da sassafe ya dubo mana san, ni kuma sai an tashi daga aji zan kira shi in ji yadda farashi ya kaya.