Yadda Muka Karrama Masu Tara Leda da Gora a Unguwarmu

A unguwarmu da ke gefen Kakuri a cikin garin Kaduna, duk damina ledar fiya wata ce ke jawo mana ɓarna. A sha ruwa a jefar, iska ta kwasa ta tura kwalbati, in aka yi ruwa mai ƙarfi ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Mun yi aikin gayya har mun gaji. Sai muka lura cewa akwai waɗanda tun tuni suke tara ledarsu da gorunan roba suna sayarwa ba tare da kowa ya sa su ba, kuma ba wanda ya taɓa ce musu sannu. A matsayina na sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, na kawo shawarar mu nemo su mu karrama su a bainar jama'a, ko wasu sa yi koyi.

Kwamitin da muka kafa ya haɗa da na'ibin limamin masallacin Juma'a, da shugabar zumuntar mata ta wata coci, da wani hedimasta mai ritaya, da wani dillalin kayan gwangwan da ke da rumfa a Panteka. Sa dillalin nan a ciki shi ne abu mafi amfani da muka yi. Ranar zaman farko muna ta maganar yadda za mu zagaya mu ba da maki a kan tsabta, ya bari muka gama, sannan ya ce: "Malamai, in kun sanar da ranar zuwa, kowa zai share ƙofar gidansa. Ku tambayi wanda ke saye. Sikeli ba ya kara." Daga nan muka tsayar da ƙa'ida: duk mai son shiga ya nuna mana littafin da yake rubuta kilo nawa ya sayar da wanda ya saya, mu kuma mu je wurin mai sayen mu tabbatar. Ziyara kuwa ba sanarwa.

Wata firamare mai zaman kanta, ƙarama ƙwarai, ita ta fi burge ni. Buhunan shinkafa uku suka rataya a ƙusa a bayan ajujuwa, ɗaya na leda, ɗaya na gora, ɗaya na takarda. Bayan tara, 'yan aji biyar da shida sukan zauna da almakashi suna farke ledar ruwa, su zazzage ɗigon da ya rage, su shanya a kan igiya kamar wanki. Na tambayi malamar da ke kula da su dalilin wannan wahala. Ta ce masu saye ba sa son jiƙaƙƙiyar leda, in da ruwa ko ƙasa a ciki sai su zaftare nauyi yadda suka ga dama. Leda ba ta da nauyi, buhu ya cika fal amma a sikeli abin kaɗan ne, don haka kowane kilo da gumi ake samunsa. Da kuɗin suke sayen alli da tsintsiya, har sun taɓa gyara famfon makarantar.

A cocin, mata ne suka riƙe aikin. Ranar Lahadi in an tashi, musamman lokacin biki ko taron godiya, gorunan lemo da na ruwa kan cika harabar. Suna ware masu kyau su wanke da sabulu su sayar wa masu zoɓo da kunun aya, waɗanda suka lotse kuma a cire murfi a tattake a zuba buhu. Farar gora daban, mai launi daban, domin fara ta fi daraja a wurin masu niƙa roba. Shugabarsu ta nuna mini wani kwando a gefe. Ta ce: "Ɗana, waɗannan ko kyauta ba ma ba mai zoɓo. Duk gorar da ta yi warin fetur ko maganin feshi nan take zuwa." Wannan kulawar ta sa na ƙara musu maki a zuciyata tun kafin mu zauna lissafi.

Masallatai biyu ma sun shiga, kuma ƙarfinsu a watan azumi yake, lokacin tafsiri da buɗa-baki da ake rabon ruwan leda jaka-jaka. Cikin 'yan kasuwa akwai mai shayi da ke tara gwangwanin madara, da mai gidan abinci da ke ba masu kiwon awaki ɓawon doya da na dankali, da wani mai buga fiya wata da direbobinsa ke karɓo tsohuwar leda daga shagunan da suke kai wa kaya. Ganin bambancin ƙarfinsu ya sa muka raba gasar gida uku: makarantu, wuraren ibada, da masu sana'a. Ba adalci ba ne a auna mai shayi da mai kamfani a faifai ɗaya.

Inda muka fi kai ruwa rana shi ne batun 'yan bola jari. Na ce dole a karrama wasu daga cikinsu, tunda duk abin da makaranta ko coci ta tara, su ne ke tura shi a baro zuwa wurin dillali. Wasu suka ƙi, suka kawo maganar satar murfin kwalbati da wayar wuta, suka tuna mana cewa a farkon 2025 hukumomin Abuja sun hana su yawo cikin birni saboda irin wannan zargi. Ban musanta cewa akwai ɓata-gari ba. Amma na san yaran da ke fita tun asuba da buhu a kafaɗa, ba safar hannu, kwalba na yanka su, kuma ba su taɓa ɗaukar abin kowa ba. Muka daidaita a kan wanda mai unguwa ya sani kuma dillalinsa ya tsaya masa.

Mun yi taron ranar Asabar mafi kusa da 5 ga Yuni, wato Ranar Muhalli ta Duniya, a filin firamaren gwamnati, wurin da Musulmi da Kirista duk za su zo ba tare da jin kansu baƙi ba. Ba mu ba da kuɗi ba. Takardar yabo muka bayar, tare da baro, da safar hannu, da takalman roba, da sikelin rataye ga waɗanda suka zo na ɗaya. Sikelin ya fi komai faranta musu rai, domin yanzu sukan auna kayansu kafin mai saye ya iso. Mai shayin kuwa ya sa takardarsa a firam ya rataya saman tebur, kuma cikin makonni kaɗan masu shayi biyu a layin suka zo suna tambayar yadda ake shiga.

Abin da har yanzu ya gagare mu shi ne baƙar leda ta cefane da farar robar zuba abinci mai kama da soso. Dillalan da muke hulɗa da su ba sa saye, don haka ba mai tarawa, sai dai a ƙona hayaƙin ya cika unguwa. Jihar Legas ta haramta irin wannan robar abinci a Janairun 2024. Mu ba mu da ikon haramta komai, amma mun ƙara rukuni na huɗu a gasar baɗi, na masu abinci da masu shago da suka rage raba su, kuma mai gidan abincin nan ta riga ta fara rage wa duk wanda ya zo da kwanonsa kuɗi.