Kallon tsuntsaye a kogin tsakiyar birni: aikinmu na hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu kakarmu ke yanke saƙa. Sana'armu ita ce kai ƙananan ayari kallon tsuntsaye a gefen kogin da ya ratsa tsakiyar birni, kuma a ƙasashen sanyi babu lokacin da kogi ke cika da tsuntsu kamar hunturu. Tafkunan bayan gari ne ke fara daskarewa, shi kuwa kogi yana gudu, ga birni ya fi karkara ɗumi, sai agwagin ruwa da masu cin kifi su tattaro su dawo ƙarƙashin gada. Itatuwa sun zubar da ganye, babu maɓoya.

Ba ma wuce mutum takwas a ayari, tafiyar kuma awa biyu ce, kilomita uku ko ƙasa da haka. Mukan fara rabin awa bayan fitowar rana. A arewacin duniya ranar hunturu ba ta yin sama, kudu take raɓewa, don haka gaɓar kudu muke bi, hasken ya kasance a bayanmu. Wanda ya bi ɗaya gaɓar baƙaƙen inuwoyi kawai zai gani a kan ruwa. Idan kogin na kusa da teku, sai an duba jadawalin cika da janyewar ruwa, domin sai taɓo ya fito fili tsuntsu ke sauka kiwo. Bayan ruwan sama mai ƙarfi kuwa kogi kan gurɓace, masu farautar kifi da ido su koma inda ruwa ya kwanta, mu ma mu bi su can.

Madubin hangen nesa da muke ba da aro mai lamba 8x42 ne, wato yana ƙara girman abu sau takwas, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 42. Raba 42 da 8, za ka samu kusan milimita biyar na hasken da ke isa ido. Ɗan ƙarami mai 10x25 biyu da rabi kawai yake bayarwa, da safiyar hazo ba ya wadatarwa. Kafin a ɗaga ƙafa kowa sai ya saita nasa: a rufe idon dama, a juya gargaren tsakiya har allon da ke tsallake ya fito tas, sannan a rufe na hagu a gyara zoben da ke kan idon dama. Mai tabarau ya naɗe robar bakin madubin ƙasa. Kada a fitar da numfashi a kan gilashin, nan take zai yi raɓa. Na arha da ake kawo mana, masu jan gilashi, sau da yawa idanunsu biyu ba sa kallon wuri ɗaya, minti goma ya isa su sa mutum ciwon kai.

Gwanintar tana wajen sanin inda za a tsaya. Bakin magudanar da ke zuba cikin kogi, ƙasan madatsa inda ruwa ke kumfa, tsofaffin turakun jirgi: nan ake samun zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da baƙin tsuntsun nan mai nutso da ke buɗe fukafukai kamar an shanya riga. Ɗan ƙaramin mai kamun kifi, mai shuɗin baya da jan ciki, kafin a gan shi ake jin siririn fitonsa, sai ya wuce daf da ruwa. Fararen tsuntsayen teku da jama'a ke rainawa ma abin kallo ne. Mai jan baki a cikinsu kansa ruwan ƙasa ne da bazara, da hunturu sai ya koma fari da ɗigon baƙi bayan ido. Wasu na ɗauke da zobe mai lamba a ƙafa, idan aka karanta aka aika wa masu bincike, sai a tarar daga Poland ko Finland suka zo.

Birnin kuma ba ya zama wuri ɗaya. A rushe tsofaffin rumbunan kaya, a share ƙaiƙayin bakin ruwa, a kafa bangon siminti, wurin da ya yi albarka bara ya zama kango. Dogayen benaye masu gilashi na kashe tsuntsaye, domin sararin sama suke gani a jiki su kai karo. Amma a saman benayen nan ne shahon da ya fi kowane tsuntsu gudu ke zama yana dakon tattabaru, idan ya sulmiyo yakan wuce kilomita 300 a awa. Sauye-sauyen birnin ne suka sa kowace kaka sai mun sake taka hanyar da ƙafa kafin mu kai kowa.

Masu kwaikwayonmu ba sa wannan wahala. Su watsa burodi a ruwa, su kunna kukan tsuntsu a waya, tsuntsu ya taso a firgice ya ƙona kitsen da zai kwana da shi cikin sanyi. Sannan wani ya zo yana neman mu yi masa ragi, wai ai tsuntsu kyauta ne. A ayarinmu ba a ciyarwa, ba a matsawa har tsuntsu ya tashi, kuma tun da murar tsuntsaye ta yaɗu a 2021, wanda ya ga mushe ba ya taɓawa, hukuma ake sanarwa.