Na tambaye shi waye Malam Aminu Kano, yace min asibiti ne

Har yau in na tuna abin nan sai naji ƙirjina ya yi nauyi, kuma wallahi da kaina nake fushi.

A dogon hutun da ya wuce ne muka ce bari mu haɗa wa yaran layinmu wani abu a nan Gwammaja, tunda in babu makaranta daga gidan kallon ƙwallo sai latsa waya. Ni na kawo shawarar kacici-kacici. Naje shagon masu kwamfuta aka fitar min da hotuna, rabi na 'yan fim da 'yan ƙwallo, rabi na mutanen da suka yi wa ƙasar nan aiki, muka ari benci a islamiyya, ranar Asabar bayan la'asar yara suka cika, 'yan shekara 12 zuwa 17 haka.

Zagayen farko ba sai na ɓata muku lokaci ba. Ali Nuhu, Adam Zango, Rahama Sadau, Messi, Ronaldo, kafin in gama ɗaga hoto sun faɗa. Da na ɗaga Ahmed Musa wani ɗan ƙaramin yaro har da ƙarin bayani, wai ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, alhali a 2014 ɗin ko firamare bai shiga ba. Da aka zo ɗaya rabin sai wuri ya yi tsit. Sardauna dai wasu sun gane shi saboda rawani da 'yar ɗari biyu. Tafawa Ɓalewa mutum biyu. Hajiya Gambo Sawaba ko ɗaya, wata yarinya ma cewa tayi ko tsohuwar 'yar fim ce. Sai na ɗaga hoton Malam Aminu Kano, jagoran siyasar talakawa na nan Kano, babu wanda ya motsa, na ajiye hoton na nuna wani yaro ɗan maƙwabcinmu nace kai, waye Malam Aminu Kano? Ya ɗan yi shiru sannan yace "Yaya ba asibiti bane?" Wani daga baya yace a'a filin jirgi ne. Aka fashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci, don gidan Malam na Mumbayya da ƙafa ake zuwa daga inda muke zaune, kabarinsa yana ciki. To dama na ba wani abokina wayata yana ɗaukar bidiyo. Da daddare, da wannan zafin ran, na yanko daidai wajen da yaron yace asibiti na saka a Facebook, na rubuta a kai cewa ku kalli yaran da muke tarbiyya. Ban rufe fuskarsa ba, ban tambaye shi ba, ban tambayi iyayensa ba. A tunanina jan hankali nake yi.

Kafin gari ya waye abu ya bar hannuna. An sauke, an saka a TikTok, an saka a status, manyan mutane masu gemu suna zagin ɗan shekara 15, wasu har da iyayensa suke haɗawa. A layi kuma yara suka laƙa masa suna Asibiti, in ya fito sayen kati Asibiti, in ya je filin ƙwallo Asibiti. Na goge nawa amma me ya rage, magana zarar bunu ce.

Kwana uku babansa ya same ni a ƙofar masallaci bayan isha'i. Da ma faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Cewa yayi a hankali, "Malam, da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya za ka saka shi haka?" Na rasa bakin magana. Sai yace a makaranta ba a koya masa ba, shi ma uban bai taɓa zaunar da shi ya faɗa masa ba, ni kuma da nake maƙwabcinsu tun yana rarrafe ban taɓa faɗa masa ba, to a ina ake so ya sani? Gaskiya ya faɗa. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, kaga kusan duk karatun da yaron nan yayi a cikin wannan giɓin yayi shi. Ɗan fim kullum yana cikin wayarsa yana magana yana dariya, Malam kuwa sunansa kawai yake gani a jikin allon asibitin koyarwa. Abin da ya gani shi ya faɗa min, ni kuma na ɗauka na kai shi kasuwa.

Asabar ta biyu yara bakwai ne suka zo. Sauran iyayensu sun hana, wasu kuma da kansu suka ƙi don kar a ɗauke su. Wannan shine kuɗin da na biya, kuma har aka koma makaranta bencinan nan basu sake cika ba.

Da bakwai ɗin muka ci gaba, amma na ajiye hotuna na ajiye waya. Akwai wani dattijo a bayan layinmu da ya tashi a gidan 'yan NEPU, jam'iyyar su Malam ta farko, shi kuma yayi PRP, jam'iyyar Malam ta baya, da ƙarfinsa, naje na durƙusa nace Baba alfarma nake nema, ka zo ka ba yaran nan labari. Bai kawo musu shekarun haihuwa da na mutuwa ba. Ya faɗa musu yadda ake kama talaka a kan haraji, yadda 'yan doka ke dukan mutum don kawai ya ce Sawaba, yadda aka kafa NEPU a nan Kano a 1950, yadda Gambo Sawaba 'yar Zariya ta shiga kurkuku sau 16 kuma duk fitowa sai ta koma kan bakanta. Ya faɗa musu ranar da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau gwamna a 1979, da rigimar 'yan Santsi da 'yan Taɓo da ta raba PRP gida biyu, da irin mutanen da suka cika Gwammaja ranar da Malam ya rasu a watan Afrilun 1983. Yarinyar nan da tace Gambo 'yar fim ce ita ta fi kowa tambaya, Baba mijinta bai hana ta ba? Baba a kurkukun wa ke kai mata abinci? Har aka kira magariba basu tashi ba.

Sati na gaba nace kowa ya zo da kuɗin da ke aljihunsa. Nan ma na sha mamaki, duk suna cewa 'yar Murtala amma basu san Murtalan mutumin Kano bane, shugaban ƙasa da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Muka juya bayan naira ashirin ɗin, ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Da aka zo dubu ɗaya wani yace Yaya su waye waɗannan biyun, na faɗa musu Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong ne, tsofaffin gwamnonin babban banki, kuma na faɗa musu gaskiya cewa ni ma a daren jiya na duba. Daga baya muka taka da ƙafa har Mumbayya suka yi wa Malam addu'a.

Duk mai son yin irin wannan a unguwarsu, don Allah kar ka fara da jarrabawa, ka fara da labari, ka nemo tsohon da ya gani da idonsa tun suna raye. Kuma kar ka haɗa hoton ɗan fim da na Sardauna don ka kama yara, ni tarko na haɗa musu ban sani ba, na riga na san amsar da zan samu tun kafin in tambaya. Waya kuwa ka barta a aljihu. In dole sai ka ɗauka to ka tambayi iyaye, kuma kar ka saka komai a daren da ranka yake ɓace.

Naje har gidansu na ba yaron haƙuri a gaban babansa da ummansa, yace ba komai Yaya. Na kai masa littattafan rubutun da na saya don kyauta, ya karɓa yayi godiya. Amma bai dawo ba ko sau ɗaya, ranar zuwa Mumbayya na aika ƙaninsa ya kira shi yace yana da aiki. Jiya ma mun haɗu a bakin titi, ya gaishe ni kansa a ƙasa ya wuce da sauri, kuma ina ji wani yaro daga tsallake yana ƙwala masa wancan sunan.