Wa ke da bishiyar da ke cikin gonar aro?

A karkarar Kano da Jigawa, mallakar gona daban take da mallakar bishiyoyin da ke cikinta. Mutum yakan ba da gonarsa aro ko jingina, wanda ya karɓa ya noma gero da dawa ya kwashe abinsa, amma idan ɗorawa ta nuna, galibi iyalan mai gona ne ke zuwa ɗiba, haka ma tsamiya da ganyen kuka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sai dai rigimar bishiya a gaban mai unguwa ko dagaci ake kashe ta, bisa al'ada da hukuncin gado.

A ganina, babban cikas yana wajen mai aro. Ba kasafai ake barinsa ya dasa bishiya ba, domin dashe alama ce ta mallaka, kuma mai gona yana gudun kada wata rana 'ya'yan mai aron su ce tunda ubansu ne ya dasa, wurin nasu ne. Shi kuma idan ya ga ɗan gawo ya tsiro lokacin sharar gona, ba shi da dalilin ƙyale shi, tunda bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba. Alhali gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya hana shuka samun rana, ƙasar gindinsa ta fi albarka, kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani.

Rabon gado ma yana barin baya da ƙura. Akan bar ƙatuwar ɗorawa a matsayin ta kowa, mata su riƙa sarrafa kalwa suna yin daddawa, har ranar da wani daga cikin magada zai matsu ya sayar da ita ga masu gawayi ba tare da ya shawarce su ba.

A Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka fara renon tohon kututture a gonakinsu, kuma da suka tabbata malaman daji ba za su hana su morar abin da suka rena ba, aikin ya bazu har kimanin hekta miliyan 5. Ƙasarsu ba ta fi ta Maigatari ko Ɓaɓura ruwan sama ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata duk ranar da za a ba da gona aro, a faɗa a gaban shaidu wanda zai ci amfanin bishiyar da mai aron ya rena, da kuma rabonsa idan an karɓe gonar.