Sandar da muka ɓoye a bayan ƙofa

Autanmu ya rasa ganinsa yana ɗan shekara shida, bayan ƙyanda ta kwantar da shi. Ni ne babba a ɗakinmu, shekara goma sha ɗaya ke tsakaninmu, don haka tun daga lokacin na zama ɗan jagoransa ba tare da wani ya naɗa ni ba. Masallaci, wurin aski, gidan biki, duk hannunsa na kan kafaɗata. A makarantar masu buƙata ta musamman da ya yi an koya masa rubutun makafi na Braille, an kuma ba shi farar sandar nan mai naɗewa. Ranar da ya zo hutu da ita, Umma ta karɓe ta jingine a bayan ƙofa. "Ɗana ba mabaraci ba ne," in ji ta, "da zai riƙa yawo da sanda yana da yayye." Ni ma na ce gaskiya ne. A garinmu in ka ga makaho da sanda, abin da ido ke nema na gaba shi ne ƙoƙon bara, kuma wannan kallon muke gudar masa.

Ƙannena, ku da kuke da ƙani ko ƙanwa mai irin wannan lalura kuma jami'a na gabansa, wannan ne kuskurena na farko, kuma sai da aka yi shekaru kafin in biya kuɗinsa.

Jarrabawar JAMB ce ta ruɗe ni. Tun 2017 hukumar, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawarsu daban, a cibiyoyi na musamman, har da Kano. Muddin ɗalibi ya nuna lalurarsa tun wajen rajista, can za a tura shi, a karanta masa tambayoyi ya amsa ta hanyar da ya ƙware. Muka je, aka karɓe mu hannu bibbiyu, yaro ya ci maki mai kyau. Sai na ɗauka haka abin zai ci gaba har cikin jami'a, wato wani zai ga takardunsa ya san yana tafe ya shirya masa. Ashe jarrabawar kwana biyu daban, zaman shekara huɗu daban.

Ranar rajista na rufe shago na kai shi. Duk ofishin da muka shiga ni ke magana. A tambaye shi sunansa, ni ne zan amsa. A ce wane ɗaki yake so, in ce ko wanne ma Alhamdulillahi. Ma'aikatan ma suka bi ni, suna kallona suna cewa "ka gaya masa ya dangwala a nan", shi kuwa yana tsaye tamkar buhun da na sauke. Lambar sirrin shafinsa na rajista ma a wayata na ajiye. Da muka fito ya ce, a hankali, "Yaya, ido ne fa ba ni da shi, bakina ƙalau yake." Na yi dariya na ce kai dai ka cika tsiya. Ban gane ba sai daga baya: ofisoshin nan shi zai riƙa komawa cikinsu shi kaɗai, amma ko ɗaya babu wanda ya san muryarsa.

Ɗakin da "ko wanne ma" ta samo masa a hawa na biyu yake, gadon sama, banɗaki kuma a can ƙarshen baranda. Na shimfiɗa masa katifa, na jera masa garin kwaki da suga da madara a kwaba, na damƙa amanarsa ga wani yaro ɗan ajinsu da muka haɗu da shi a layi. Har kuɗin kati na ba yaron. Na koma gida ina jin na sauke nauyi.

Yaron kirki ne, kada in ci haƙƙinsa. Amma shi ma karatu ya zo yi. Ranar da ya makara, ƙanena ya makara. Ranar da ya tafi gida, ƙanena ya yini a ɗaki ko abinci bai saya ba. A mako na biyar, da sassafe, akwai lakcar ƙarfe takwas kuma yaron bai kwana a makaranta ba, sai ƙanena ya ce bari ya gwada da kansa. Ya sauka daga bene lafiya. Tsakanin ɗakin kwanansu da titi akwai lambatu marar murfi, wanda kullum ake tsallakar da shi ba tare da an gaya masa me ake tsallakewa ba. Nan ya zurma. Da na iso asibitin makaranta na tarar an ɗinke masa ƙwauri, wandonsa duk baƙin ruwa, wayarsa ta mutu. Bai yi kuka ba, bai kuma zarge ni ba. Abin da ya ce kawai, "In za ka dawo ka zo min da sandata."

Da a ce yau ne, tun kafin a buɗe makaranta da mako guda zan kai shi, da sandar a hannunsa, ni ina bayansa. Mu bi hanya daga ɗaki zuwa aji, zuwa masallaci, zuwa wurin mai abinci, zuwa inda ake hawa adaidaita sahu, sau goma in ta kama, har ƙafarsa ta haddace. Ana ƙirga taku, ana lura da inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, da ƙarar injin da ke nuna an kusa kwana. Malaman makarantun makafi, irin na Tudun Maliki a Kano ko ta Gindiri a Filato, sun san wannan horo sarai. Mu ne a gida muke warware abin da suka ƙulla, saboda kunyar maƙwabta.

Sai zancen kayan karatu, wanda nan ma na yi ɓarnar kuɗi. Na saya masa rikoda mai tsada ina ganin shi ke nan, ya naɗi lakca ya saurara. To lakcar awa biyu, sauraronta ma awa biyu ne, ga hayaniyar aji, ga malamin da ke nuna allo yana cewa "wannan da wannan". Abin da ya fi buƙata kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ko da ta hannu, da manhajar da ke karanto abin da ke kan allon kwamfutar. Cikin irin waɗannan manhajoji, NVDA kyauta ce, JAWS kuwa ta kuɗi. A waya akwai TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, suna nan ciki tun daga kamfani. Amma duk ba su da amfani in yatsu ba su saba da madannai ba, kuma dogon hutun nan bayan gama sakandare, da ya yi shi yana zaune a shagona yana jin rediyo, shi ne lokacin koyon. Ku kuma lura da wannan: takardar darasin da aka ɗauki hotonta aka watsa a guruf ɗin WhatsApp na aji, a wurin manhajar hoto ce kawai. Sai an bi ta da manhajar da ke mayar da hoto rubutu, wadda kan yi tuntuɓe in hoton ya dushe. Mafi sauƙi a roƙi malami ya turo ainihin abin da ya buga, kuma yawancinsu ba sa hanawa in ɗalibin ne ya je da kansa ya yi bayani.

Jarrabawar zangon farko ita ta fi ci mini rai. Ba wanda ya rubuta wa sashensu cewa akwai ɗalibin da ba zai iya karanta takardar tambayoyi ba. Ni na zaci an sani, shi kuma ya zaci Yaya ya yi magana, tun da Yaya ne ke magana. Ranar farko mai sa ido ya tsaya yana waige-waige, aka yi ta kai-komo kafin a samo wanda zai karanta masa ya rubuta amsarsa, lokaci ya riga ya tafi. Kwas biyu ya faɗi. A zango na biyu shi ya zauna ya tsara wasiƙa zuwa ga shugaban sashe da jami'in jarrabawa, kwafi ɗaya zuwa ofishin harkokin ɗalibai, tun makon farko: yana neman mai karanta masa, ƙarin lokaci, izinin amsawa da kwamfuta, da ɗaki a ƙasa. Ya sa aka buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Ba alfarma yake roƙo ba. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati har da na gaba da sakandare su zama masu karɓar kowa, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, an kuma kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Doka dai tana takarda, lambatu kuma yana nan a buɗe, amma wasiƙar da ta ambace ta ba a cika jefa ta a kwandon shara ba.

Wanda ƙaninsa kurma ne, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai mai fassara da hannu a ajin. Mai keken guragu kuma a je a ga azuzuwan da ido, domin ana iya ba shi ɗaki a ƙasa alhali lakcarsa na hawa na uku.

Akwai abu ɗaya da na so in yi Allah bai ba ni iko ba. Na matsa masa ya nemi sashen ilimin masu buƙata ta musamman, don a tunanina can ne wurin irinsu, zai samu 'yan'uwa. Ya kafe a kan aikin jarida. Har fushi na yi na kwana biyu. Sashen da na so masa ba shi da aibi, amma dalilina ne gurgu: ban tambayi me yake so ya zama ba, inda zai fi sauƙin ajiyewa nake nema. Nan kaɗai ya fi ni taurin kai, kuma na gode Allah.

Yanzu yana aji uku, ya biya kwas biyun da ya faɗi. Lambar sirrinsa ya canza ta tuni, ni ban san sabuwar ba. In ya zo hutu, har yau Umma kan ɗauke sandar ta kai bayan ƙofa in ta ji sallamar baƙi. Shi kuma ba ya musu da ita. Sai ya bari baƙin su zauna, ya tashi ya lalubo abarsa, ya naɗe ta ya ɗora a cinya, sannan ya gaishe su.